Cinyar hagu da ta ƙi girma

Har yau idan na ji wani a wurin ɗaga ƙarfe yana ce wa sabon shiga "ƙara nauyi kawai, jiki zai bi", sai raina ya ɓaci. Da wannan maganar aka ci mini shekaru ina ɗora ƙarfe a kan gwiwar da ba ta warke ba.

Tun ina sakandare na ji ciwon, a filin ƙwallo. Ƙafata tana kafe a ƙasa na juya, sai na ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwar hagu, kafin magariba ta kumbura suntum. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya shafa magani, ya ɗaure, ya ce targaɗe ne. Da na koma tafiya ba ɗingishi kowa ya ce alhamdu lillahi, an warke, maganar ta wuce.

Bayan shekaru na fara ɗaga ƙarfe, da farko irin na unguwa, siminti a gwangwanin fenti, daga baya na koma gidan motsa jiki. Ƙirji da kafaɗa da damtse ba su ba ni wahala ba. Wando ne ya tona asiri: yana matse cinyar dama, a hagu kuwa yana lilo. Na ari tef wurin tela na gwada, bambancin ya fi ƙarfin a ce ido ne. Tsokar nan da ke saman gwiwa ta gefen ciki, a dama ta fito ɓul, a hagu wurin a shafe yake.

Na nuna wa kocinmu. Ya ce, "Ai ragwanci take yi, Malam. Ɗora mata kaya, za ta shiga hankalinta." Na yi ta ɗorawa. Ina tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, nauyi yana hawa, ana yi mini kirari, cinyar dama tana ƙara cika, ta hagu tana nan jiya i yau. Abin da ya ƙaru shi ne ciwon ƙugu ta ɓangaren dama, wanda ya kai ni ga yin salla a zaune a wasu ranakun. Wani abokina ne ya ɗauke ni bidiyo ta baya da wayarsa. Da na kalla sai jikina ya yi sanyi: duk lokacin da zan miƙe, ƙuguna yana zamewa dama, sandar ƙarfen tana karkacewa, dugadugin hagu yana ɗan ɗagawa daga ƙasa. Ashe duk nauyin da nake alfahari da shi, ƙafa ɗaya da gadon baya ne suke ɗauka.

Ciwon ƙugun ne ya kai ni sashen gashin ƙashi a asibiti. Likitar ta bar ƙugun ta koma kan gwiwa. Ta matsa gefen ƙoƙon gwiwar ta nuna mini ruwa yana motsi a ciki, ta riƙe ƙwaurina ta jawo shi gaba, ya taho fiye da na dama. Hoto ya nuna jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta samu yagewa tun wancan lokacin.

Bayanin da ta yi mini shi ne abin da na so a ce na ji tun ranar farko. Gaɓar da ke da kumburi ko ciwo tana aika saƙo zuwa laka, jiki kuma sai ya rage ƙarfin umarnin da yake tura wa tsokar da ke motsa gaɓar, don ya kare ta. Ba sai kumburin ya yi yawa ba, ruwa mililita 20 zuwa 30, wato kamar cokali biyu na cin abinci, ya isa ya fara kashe wa tsokar cinya kuzari, kuma abin yana iya ɗaukar shekaru ko da zafin ya tafi. Kamar wutar NEPA ce ta zo da rauni: ƙwan fitila lafiyarsa lau, amma hasken ja ne. Tsokar da ba a kira ta aiki sosai ba kuwa ba ta da dalilin girma, ko buhun siminti nawa ka ɗora wa kafaɗarka.

Ta raba ni da tsugunon ƙafa biyu na wani lokaci. Komai ya koma ƙafa ɗai-ɗai: hawa ɗan benci, miƙe gwiwa a zaune a riƙe ta a miƙe, tura na'ura da ƙafa ɗaya. Hagu ce ke farawa, dama kuma ba ta wuce adadin da hagu ta iya. Ba a dakatar da dama gaba ɗaya ba, domin horar da lafiyayyar ƙafa yana ɗan ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi ta hanyar jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Nauyin da aka ba ni, wallahi, yaran da na koya wa riƙe ƙarfe sun fi shi. Amma bincike ya nuna ko da kashi 30 cikin 100 na iyakar abin da mutum zai iya ɗagawa, tsoka tana girma muddin an maimaita har ta kusa gazawa. A nan na fara jin cinyar hagu tana rawa tana zafi irin na aiki, abin da ban taɓa ji ba duk tsawon shekarun da aka ce in ƙara nauyi.

Ma'aunin da ta ba ni mai sauƙi ne. Ɗan tsamin da ya lafa kafin gari ya waye babu komai, amma in na tashi gwiwa a kumbure, to jiya na zarce, sai in rage. Jijiyar da ke riƙe gaɓa ba ta samun jini kamar tsoka, saboda haka ba ta saurin warkewa.

Masu cewa abinci ne matsalar, na gwada. Ina cin ƙwai, wake, awara, kifi da nono, ina neman giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na jikina a rana kamar yadda masana ke ba da shawara. Abincin bai zaɓi cinyar hagu ba sai da aikin ya isa gare ta.

Yanzu tsokar ta fito, duk da har yau dama ta ɗan fi ta, kuma mai yiwuwa haka za su zauna. Ciwon ƙugun ya yi sauƙi sosai, sai dai ranar da na daɗe a kan babur yakan tuna mini. Duk yaron da ya zo wurina yanzu, kafin ya taɓa ƙarfe sai na tambaye shi: ka taɓa karaya, ka taɓa gocewar kafaɗa, ka taɓa faɗuwa a mashin? Yawancinsu sai su ce "ai ya warke tuntuni". Sai in sa shi ya tsaya a ƙafa ɗaya ya ɗan tsuguna, in ɗauke shi bidiyo ta baya mu kalla tare. Wanda gwiwarsa ke sullewa, ko take maƙalewa, ko take kumbura bayan motsa jiki, ba na ba shi ƙarfe sai ya je likitan ƙashi ko na gashi ya duba shi.