Abin da aji huɗu da zaurukan gari suka koya mini

Ranar da aka fara damƙa mini aji, a wata makarantar firamare ta gwamnati da ke wani gari a jihar Jigawa, rajista da alli da tsumagiya aka miƙo mini a lokaci guda, aka ce ga aji huɗu nan, Allah ya taimaka. Sunaye 84 ne a cikin rajistar, alhali kuwa Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda muka haddace domin jarrabawa lokacin da muke karatun malanta na NCE, cewa ta yi malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Bencinan ajin ba su isa rabin yaran ba, saboda haka manya sun mamaye su da ƙarfi, ƙanana kuma sun takure a ƙasa har gindin allo, ta yadda sai na tsallake ƙafafu kafin in samu wurin tsayawa in yi rubutu.

Zangon farko gaba ɗaya da tsawa da tsumagiya na riƙe su, kuma na samu abin da nake nema a lokacin, wato shiru. Duk wanda ya wuce ta tagar ajina zai ɗauka karatu ake yi sosai. Sai da zango ya zo ƙarshe, na kira su ɗaya bayan ɗaya na ba kowa gajeriyar jimla ta Hausa ya karanta, sannan na gane cewa waɗanda za su iya ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, sunayen da monita ya fi kawo mini a matsayin masu surutu kusan duk suna cikin waɗanda ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. A tsarin da muka tarar, da harshen gida ake koyarwa a shekaru uku na farko, daga aji huɗu kuma a koma Turanci. Yaron da bai iya karanta harshen da ya tashi da shi ba, aka zaunar da shi tun safe har azahar ana yi masa magana da wani harshe, ba shi da abin yi in ban da ya tsokani na kusa da shi. Wata uku na yi ina dukan yara a kan abin da ba su da iko a kansa.

Gyaran da na fara yi daga makarantar allo na aro shi, inda ni ma na yi ƙuruciyata. A can malami ɗaya yakan riƙe almajirai masu yawa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, kuma abin yana tafiya domin gardawa suna biya wa ƙolaye, ba wanda yake zaune yana jiran malam ya iso kansa. Na raba ajin rukuni-rukuni bisa ga inda kowa ya kai a karatu, na sa waɗanda suka iya su riƙa biya wa na ƙasa da su na ɗan lokaci kowace safiya, na mayar da ƙanana da masu raunin gani gaba, na kuma sa zaman benci ya riƙa zagayawa mako-mako. Na soke rubuta sunayen masu surutu, domin ya mayar da monita ɗan sanda, har wasu suna ba shi kuɗin tara don ya goge sunansu. A maimakon haka na rarraba ayyuka: mai share allo, mai raba littattafai, mai kula da randar ruwa, mai duba shara. Yaron da ya fi kowa fitina shi na ba riƙon makullin akwatin littattafai, kuma har ya bar ajina littafi ko ɗaya bai ɓata ba. Na kuma koyi in riga su shiga aji in rubuta aiki a allo, musamman bayan an dawo daga tara, domin mintoci biyar na farko su ne suke nuna yadda sauran darasin zai kasance. Haddace sunayensu ya ɗauke ni kusan wata biyu, amma ya biya wahalarsa, saboda yaron da aka kira da sunansa cikin murya ƙasa-ƙasa ya fi saurin natsuwa a kan wanda aka daka wa “kai, wancan!”

Duk da haka akwai abin da gyaran cikin aji bai taɓa ba, kuma wata yarinya ce ta nuna mini shi. Kullum sai an kusa gama darasin farko take shigowa, kullum kuma sai na sa ta durƙusa a bakin ƙofa. Sau uku ina ce mata ta zo da mahaifinta, ba wanda ya zo, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin raini. Wata malama abokiyar aikina, wadda ta girme ni a aikin da shekaru masu yawa, ita ce ta ce in bar mata, domin ita tana iya shiga cikin gida, ni kuwa iyakata zaure. Da ta dawo sai ta shaida mini cewa mahaifin ya tafi cirani kudu tun bayan girbi, uwar ce take riƙe da yara biyar da kuɗin koko da ƙosai, yarinyar kuma ita ce take fita da tallan tun bayan sallar asuba, ba ta kuma isa ta dawo ba sai ya ƙare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su sa 'ya'yansu a makaranta shekara tara, har ta tanadi gargaɗi a karon farko, sannan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Na san wannan sarai, amma karanta wa wannan uwa doka ba zai ɗora tukunyar dare a gidanta ba. Ni dai har yau ban yarda talla alheri ne ga yarinya ba, don na ga irin haɗarin da ke cikinsa. Abin da ya yiwu a lokacin shi ne yarjejeniya: uwar ta rage yawan abin da take zuba mata a ranakun makaranta, ni kuma na nemi izinin hedimasta na mayar da darasin karatu zuwa na biyu domin kada ya riƙa wuce ta. Lattin bai ƙare gaba ɗaya ba, amma kafin ƙarshen shekara ta iya karatu.

Daga nan na fahimci yadda iyaye suke jin saƙon “ka zo da mahaifinka”. A kunnen manomi ko ɗan kasuwa wanda bai taɓa zama a aji ba, wannan sammaci ne, kuma ba wanda yake ɗokin zuwa inda za a tsayar da shi a gaban yara a karanta masa laifin ɗansa. Zuwa da kai ya fi aike, saboda haka na fara bin gidaje bayan la'asar, in yi sallama a ƙofa, a shimfiɗa mini tabarma a zaure, mu gaisa a tsanake, in tambayi gona da iyali, sannan in fara da abin kirkin da na gani a wurin yaron kafin in kawo abin da ya dame ni. A nan ma na yi kuskuren da har yanzu yake ci mini rai. Na tarar da wani uba a majalisarsu bayan magariba, na faɗa masa a gaban abokansa cewa ɗansa ya ɗauki biron wani. Kunya ta kama shi, ya shiga gida ya yi wa yaron dukan da ya hana shi zuwa makaranta kwana uku, kuma da ya dawo ya daɗe bai yarda mun haɗa ido ba. Tun daga ranar ban sake kai ƙarar yaro a gaban mutane ba, kuma kafin in faɗi laifi nakan nemi alƙawari tukuna: “Baba, zan faɗa maka wata magana, amma ina roƙon arziki a bar mini hukuncin a hannuna.”

Maganar duka ita ce ta fi wuya tsakanina da iyaye, domin da yawansu da kansu suke nemansa. Uba zai kawo ɗansa ya ce, “Malam, ga amana nan, in ya ƙi ji kada ka raga masa,” kuma da zuciya ɗaya yake faɗa, don haka aka yi masa. Idan na ce na ajiye tsumagiya, wasu sukan ɗauka na yi sakaci da amanar. Limamin unguwa ne ya taimake ni a wani taro, da ya tuna wa jama'a hadisin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ce masa ko “tir” ba. Ajiye bulala bai sa na bar horo ba: wanda ya ɓata wuri shi zai share, wanda ya zagi wani zai ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji zagin, wanda ya ƙi aiki zai yi shi lokacin da 'yan uwansa suke wasa. Sharaɗin kawai shi ne hukuncin ya zama sananne tun kafin a yi laifin, kuma ya hau kan ɗan mai unguwa kamar yadda yake hawa kan ɗan kowa, domin yara suna lura da son kai fiye da yadda muke zato.

Na daɗe ina zaton uba shi ne mabuɗin komai, tunda shi yake zuwa taro, shi yake ba da izini. Aiki ya nuna mini cewa uwa ce take tashin yaro, ita take sanin ko ya karya, ita take yanke shawarar wanda zai je makaranta yau da wanda zai tsaya raino ko ɗebo ruwa. Takardar da muke ba yara su kai gida kuwa sau da yawa a aljihu take ƙarewa, domin iyaye da dama ajami suke karantawa, ba boko ba. Saboda haka saƙonmu ya koma bin hanyoyin da gari ya saba da su: sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a, malamai mata a gidajen suna da biki, da saƙon murya ta WhatsApp ga 'yan kaɗan da suke da babbar waya. Ranar ba da sakamako ma na sauya yadda nake yi. Tambayar iyaye ɗaya ce, “Na nawa ya zo?”, alhali yaro yana iya zuwa na goma a ajin da yawancinsa ba su iya karatu ba. Yanzu nakan buɗe littafi in sa yaron ya karanta a gaban mahaifinsa, ko a aika shi cikin gida ya karanta wa mahaifiyarsa. Na ga dattijon da idonsa ya ciko da hawaye da ya ji 'yarsa ta karanta shafi guda ba tare da tsayawa ba, kuma bayan wannan rana ban sake rubuta mata fashi ba.

Kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, an amince da kafa shi a makarantun ƙasar nan tun 2006, kuma shirin ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya yi aikin farfaɗo da irinsa a jihohi shida, ciki har da Jigawa da Kano da Kaduna. Namu ya daɗe a takarda kawai, domin mutane sun saba cewa duk taron da makaranta ta kira, kuɗi za a nema. Ya fara motsi ne lokacin da muka daina sa taro ranar kasuwa ko a tsakiyar shuka, muka kuma kira su ba don karo-karo ba, sai don su shiga aji su ga inda 'ya'yansu suke zama. Wani kafinta a cikinsu ya ɗauki gyaran karyayyun bencina, mata suka kawo tabarmi, dagaci kuma ya sa baki a kan fashin damina, aka daidaita cewa yara su riƙa zuwa gona da yamma da ranakun hutu, in ban da 'yan kwanakin girbin gero da riɗi da kowa ya san ba makawa. A wannan taron ne wani uba ya miƙe ya ce, “Malam, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, kuna cewa yaranmu suna latti, amma mu da muke wucewa gona muna ganin lokacin da wasunku suke isowa.” Maganar ta yi ɗaci, gaskiya ce kuma, ba wanda ya iya musa ta a cikinmu. Iyaye suna auna makaranta da abin da suke gani daga bakin hanya, kuma malamin da yake neman a turo masa yara ƙarfe bakwai da rabi dole a riƙa ganinsa a wurin kafin lokacin.

Ba kowane gida ne ya buɗe mini ƙofa ba. Akwai uban da ya shigo har cikin aji yana faɗa saboda an hana ɗansa fita, na roƙe shi muka koma ofis, aka ba shi kujera da ruwa, na bar shi ya gama duk abin da ke ransa kafin in ce uffan, muka rabu lafiya amma bai sauya ra'ayi ba. Akwai kuma yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajina, wadda aka cire kafin ta gama aji shida duk da zuwan da ni da malama da liman muka yi gidansu har sau huɗu. Ina tuna ta duk lokacin da aka fara rajistar jarrabawar shiga ƙaramar sakandare.

Yanzu makonni biyu na farkon kowace shekarar karatu na ware su domin zagaya gidaje tun kafin wani yaro ya yi laifin da zai kai ni, domin ranar da matsala ta taso ya zama mun riga mun san juna. Bana sunaye 91 ne a rajistata, na samu zuwa gidaje 63. Yawancin waɗanda suka rage suna rugar da ke hayin fadama, kuma ardonsu ya aiko cewa in jira ruwa ya janye, zai turo babban ɗansa da babur ya ɗauke ni ranar wata Asabar.