Abin da aikin ɗora kayan tarihi a intanet ya koya mini a Legas

Ɗaukar hoton kayan tarihi shi ne mafi sauƙi a duk aikin ɗora su a intanet, ko da yake shi ne masu ba da kuɗin aikin suka fi son gani. Na yi aiki da wata ƙaramar tawaga a nan Legas wadda ke shirya hotuna da sauti da bidiyo domin maziyarta su latsa allo ko su haska lambar QR da wayarsu, kuma akasarin lokacinmu ya ƙare ne wajen neman bayani: daga ina abu ya fito, wa ya ƙera shi, da wane suna masu shi suke kiransa.

Manhajar Digital Benin, wato rumbun bayanan kayan tarihin Masarautar Benin a intanet, wadda aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2022, ita ce ta fara nuna mini girman wannan al'amari. Ta tattara bayanan kayayyaki fiye da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, galibinsu waɗanda sojojin Ingila suka kwashe daga birnin Benin na jihar Edo ta yanzu a 1897. Yawan ya burge ni, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne an jera kayan da sunayensu na harshen Edo, har mutum ya saurari yadda ake furta su. Ɗan Benin da ya buɗe shafin zai ji ana kiran kayan kakanninsa kamar yadda ake kiransu a gida.

Wannan ya sa na sake duban mutanenmu. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, yana ajiye da gumakan yumɓu na Nok, yana kuma ajiye da motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da hudojin harsashi a jikinta. Bahaushen Agege ko Idi-Araba ko ɗan kasuwar Mile 12 yana da alaƙa da wannan mota fiye da yawancin baƙin da ke zuwa daga Turai, sai dai doguwar takardar Turanci ba za ta riƙe shi ba. Mutumin da ya saba da rediyo da saƙon murya na WhatsApp, bayanin minti ɗaya cikin Hausa mai daɗi ya fi masa amfani, musamman idan muryar dattijo ce wanda ya san zamanin. A ganina, gidan tarihin da ya kashe kuɗi a kan manyan alluna alhali bai tanadi murya cikin harsunan maziyartansa ba, ya fara gini ne daga sama.

Akwai kuma batun nauyi. Hoton da ake juyawa ta kowace fuska yana da kyau a kwamfutar ofis, amma a ƙaramar waya yana cinye data kafin ya gama buɗewa, allon bango kuwa da zarar an ɗauke wuta ya tashi daga aiki. Saboda haka muka koma shirya kowane abu kashi biyu: babban fayil domin ajiya da masu bincike, da ƙarami mai ɗauke da hoto ɗaya da muryar bayani, wanda malamin makaranta zai iya saukewa ya tura wa ɗalibansa kafin ranar ziyara.