Asabar: mun buɗe cikin Cressidar Baba

Ana idar da sallar asuba Kawu ya bugo min waya, wai in same shi a gareji kafin rana ta ɗaga, don zafin Makka ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Na biya Shari'ul Mansur na sayo mana gurasar tamis da dafaffen waken ful. Ko da na isa har ya sauke lagireto ya jingine shi da bango.

Cressida ce ta 1986, fara, mai injin 22R, silinda huɗu, lita 2.4. Da ita Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi ta jigilar alhazai tsakanin Makka da Jidda har ya aurar da yayyenmu mata. Sati biyu da suka wuce na zaro sandar gwajin mai, na ga baƙin man ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Duk wanda na gaya wa sai ya ce gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangarsa. Yaya kuwa cewa ya yi in je tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, in ɗauko wani injin a ɗora, kowa ya huta.

Kawu bai goyi bayan kowa ba. Ya ce sai ya gani da idonsa.

Mun kwance notinan kan injin guda goma, daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, don kada kan ya karkace. Na sa hannu zan ɗaga, ya doke min hannu. Ashe akwai wani ɗan ƙaramin noti a gaba, nutse cikin mai, wanda in ka manta da shi ka fisga sai ka tsaga ƙarfe. Da muka ɗaga, ga gasket nan lafiya lau, ko tabo babu.

Sai da muka cire murfin gaba, na sarƙar tayimin, sannan aka ga ɓarawon. Robar da sarƙar ke bi ta kanta ta karye tun tuni. Sarƙar ta saki, tana ta gurzar murfin, shi kuma alminiyam ne, har ta haƙa masa kwari ta huda hanyar ruwan da ke bayan famfo. Kawu ya haska tocila ta baya, hasken ya ɓullo ta wata 'yar kafa kamar ta allura. Ta nan ruwa ke tsiyaya cikin mai.

Ya juyo ya dube ni. "Kai ɗan nan, ba ka taɓa jin tana ƙara da safe ba?"

Na ji mana. Kusan shekara guda, in na tayar da ita sai ta yi kacau-kacau na ɗan lokaci ta yi shiru. Abin da ke ɗame sarƙar da ƙarfin mai yake aiki, shi ya sa da mai ya hau sai ƙarar ta ɓace, ni kuma in ce ai tsufa ne. Na ce, "Kawu, na ɗauka ba wani abu ba ne." Bai ƙara magana ba, ya miƙo min sifana ya nuna min kaskon mai. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A cikin kaskon muka tsinci gutsattsarin robar, baƙaƙe ƙirin, wasu sun maƙale a ragar famfon mai. Metal ɗin kiranshaf, wato 'yan ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, sun cinye har jan ƙarfe ya bayyana. Kawu ya zura farcensa a bakin silinda ta uku, farcen ya maƙale a gaɓa. Ya ce faɗin asali milimita 92 ne, yanzu sai an kai makarata, wajen masu fere ƙarfe, an ƙara rabin milimita, a sa sababbin fistin da ringi.

Bayan azahar Yaya ya zo, ya zaro waya ya hau lissafi: fistin, metal, sarƙa, murfi, kuɗin makarata. Lissafinsa daidai ne, injin tashlih ya fi araha. Amma shi ma wancan ɗin tsoho ne, robarsa sa'ar wannan ce, kuma ba wanda ya san me sarƙarsa ke ci a ɓoye. Gara wanda na ga cikinsa. Yaya ya ce son zuciya ne kawai don motar Baba ce. Ban musa ba, akwai wannan ma.

Kafin la'asar muka ɗora gangar injin a bayan wata Datsun ta maƙwabcin Kawu. Ni aka bar wa wankin notina da fetur, ina jera su a kwali ina rubuta inda kowanne ya fito. Kawu ya ce in nemo madogarar sarƙa mai bayan ƙarfe, kada in kuskura in kawo masa zallar roba.

Na dawo gida hannuna na warin mai duk da omon da na sha gogawa. Hajiya ta tambaya ko motar ta tashi. Na ce sai wani satin, in Allah ya yarda. Ta ce to in san yadda zan yi da ita ranar Litinin, tana da asibiti ƙarfe takwas.