Abin da Na Koya Game da Saɓanin Uwar Kamfani da Reshenta

A shekarun da na yi ina aikin lissafin kuɗi a reshen wani kamfanin ƙasar waje a Kano, na fahimci cewa saɓanin da ke tsakanin hedikwata da reshe ba kasafai yake tasowa daga mugun nufi ba. Tushensa shi ne kowane ɓangare da hukumar da yake tsoro. Hedikwata masu hannun jari take tsoro, da dokar ƙasarta, shi kuwa reshe yana zaune ne a ƙarƙashin wata gwamnati dabam, da wani kuɗi dabam, da abokan cinikin da yake kallon idonsu kullum.

Tun muna ɗalibai aka karantar da mu shari'ar Fruehauf, amma sai a bakin aiki na gane nauyinta. Fruehauf kamfanin ƙera tireloli ne na Amurka, kuma shi ke da kashi biyu cikin uku na hannun jarin reshensa na Faransa. Reshen ya ƙulla yarjejeniyar sayar wa Berliet, kamfanin ƙera manyan motoci na Faransa, tireloli waɗanda za a wuce da su ƙasar Sin, a lokacin da Amurka ta haramta ciniki da ita. Gwamnatin Amurka ta matsa wa hedikwata, ita kuma ta umarci reshen ya soke cinikin. Daraktoci Faransawa suka garzaya kotu, suna cewa Berliet ne babban mai sayen kayansu, kuma saɓa masa zai durƙusar da kamfanin ya jefa ɗaruruwan ma'aikata cikin zaman kashe wando. A 1965 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta amince a naɗa shugaban riƙo na wucin gadi domin a cika alkawarin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai rinjayen jari bai iya zartar da umarninsa ba, domin reshe a idon doka ɗan ƙasar da aka yi masa rajista ne.

Darasi na biyu ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato ma'aunin da ake auna ƙoƙarin reshe da shi. Mu da naira muke sayarwa, su kuma da dala suke karanta rahotonmu. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,400 a farkon 2024. Manajan da ya ninka cinikinsa a wannan tsakanin sai ya bayyana a takardun hedikwata tamkar wanda ya gaza, a umarce shi ya ƙara farashi, alhali ya san mai saye a Kantin Kwari ko Singa zai koma ga kaya mai rahusa. A 2023 ɗin ne kamfanin magunguna na Birtaniya GSK ya sanar da rufe harkokin reshensa a Najeriya, kamfanin kayan masarufi na Amurka P&G kuma ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar.

Duk da haka ba na wanke rassa gaba ɗaya. Na ga yadda ake fakewa da cewa hedikwata ba ta san ƙasarmu ba domin a kauce wa binciken kuɗi, kuma duk lokacin da aka kama irin wannan sai a ƙara janye iko zuwa sama. Shi ya sa a duk rahoton da na rubuta daga baya nake ware yawan kayan da aka sayar daga tasirin canjin kuɗi, in kuma kawo dokar gida da lambar sashenta kafin in nemi a sassauta mana wani umarni.