Kaskon da Ke Gindin Darbejiya

Bara war haka ina kwance da karaya. Wani mai babur ne ya kwashe ni a hanyar dawowa daga makaranta, mai ɗori ya ce sati shida kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa. Ga shi watan Afrilu, wanda duk ya san zafin Haɗeja ya san ɗaki ba ya zaunuwa da rana. Sai aka riƙa shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida tun hantsi har la'asar sakaliya. Rediyo ta ishe ni, waya ta ishe ni, masu dubiya ma bayan sati guda suka ɗauke ƙafa.

Akwai wani tsohon kasko a gefe, na kajin da muka sayar tun kafin azumi. Maiɗakina ba ta daina zuba masa ruwa ba, sabo ne kawai. To, wannan kasko shi ya zame mini talabijin.

Abin da na fara lura da shi yadda kurciya ke shan ruwa ne. Kaza in ta ɗebi ruwa sai ta ɗaga kai sama kafin ta haɗiye, har muna yara ana ce mana godiya take yi wa Allah. Gwara ma haka take yi. Kurciya kuwa tsoma baki take ta yi ta zuƙa kamar doki, ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi. Shekarata 47 ina ganin kurciya kullum, ban taɓa sanin haka ba sai da na karye.

Inna, mahaifiyata, ita ta zama malamata. Idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Tana zaune tana jan carbi sai ta ce, "Wannan ba kurciya ba ce, hasbiya ce, ba ka ji muryarta ta fi kauri ba?" In na ɗaga kai sai in gan ta a kan katanga, ƙatuwa kamar tattabara, da jan da'ira kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Bardo kuma ɗan siriri ne mai doguwar jela, namijin fuskarsa baƙa har maƙogwaro kamar ya yi amawali. Ni da, duk kurciya nake ce musu.

Amma waɗanda suka sace mini zuciya ƙananan nan ne da ba su kai babban yatsa biyu ba. Inna tana kiran jajayen baiwar Allah. Namijin ja ne wur, da ɗan zobe rawaya a ido, in ya matso sosai za ka ga wasu ƙananan ɗigo farare a gefen ƙirjinsa kamar an yayyafa gishiri. Macen ruwan ƙasa ce, jan nata a gindin jela yake da ɗan tabo gaban ido. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan. Akwai ranar da ɗaya ta sauka a kan bandejin ƙafata tana tsintar ɓurɓushin ƙuli-ƙuli, na ɗauke numfashi har ta gama. Tare da su asisi ke zuwa, shuɗi mai haske kamar sabuwar shadda, a nan ma namiji ne kaɗai ke da jan tabo a kumatu. Kullum bibbiyu suke tafe.

Da na ga kasuwa ta ci, sai na ce a fara zuba musu abinci. Nan na yi wautata ta farko: ragowar tuwo da shinkafa na sa aka riƙa watsawa. Cikin kwana uku hankaki suka mamaye gidan, da dare kuma ɓeraye. Maiɗakina ta ce, "Malam, ko dai tsuntsayenka ko kicin ɗina." Muka sasanta a kan tsakin gero, wanda ke fita in an yi tankaɗe, cikin tafin hannu ɗaya da safe, a watsa a fili yadda zai ƙare kafin azahar. Wauta ta biyu ta fi ciwo. Na sa yara sun matsar da kaskon kusa da randa don inuwa, ashe maɓoya na yi wa magen maƙwabta. Ina kallo ta yi wuf da wata kurciya, ni kuwa ba ƙafar tashi. Yanzu kaskon yana tsakiyar fili, taku huɗu daga duk abin da mage za ta laɓe a bayansa, ruwan bai wuce gaɓar yatsa ba don ƙananan su iya wanka, kuma kullum ana wanke shi saboda sauro. A bazara dai na tabbatar ruwa ya fi hatsi jawo su. Ranar da aka manta tsaki suna zuwa, ranar da kasko ya bushe gidan shiru.

Ƙafa ta warke, ɗabi'ar ba ta tafi ba. Wajen watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, baiwar Allah suka yi sheƙa a cikin jinkar rumfar awaki, suka fito da 'ya'ya huɗu. Uku suna da jan gindin jela irin na iyayensu. Na huɗun babu ja ko ɗigo a jikinsa, sai zane-zanen ruwan ƙasa a baya, ga shi ya fi kowa kwakwazon neman abinci, namijin baiwar Allah kuma yana ta ɗura masa. Babban ɗana ya ɗauki hoton wani baƙin tsuntsu mai sheƙi, farin baki, jan ƙafa, da ke wuni a kan wayar lantarki yana waƙa, ya sa a manhajar Merlin mai gane tsuntsaye, muka bi bayaninsa. Ashe shi ne uban na huɗun. Irinsu ba sa yin sheƙa sam. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta a cikin na baiwar Allah. Ɗan da ya ƙyanƙyashe ba ya kashe 'yan gida, tare ake renonsu, kuma zanen da ke cikin bakinsa iri ɗaya ne da nasu, shi ya sa iyayen ba sa ganewa. In namiji ne, waƙar wanda ya rene shi yake koya, da ita kuma zai yi zawarci in ya girma. Na kasa kunne, wallahi kuwa akwai muryar baiwar Allah a cikin waƙarsa.

Da na ba Inna labari sai ta yi dariya ta ce, "To ashe an zalunci hankaka da ake ce masa mai da ɗan wani naka." Ba a zalunce shi ba, shi ma akwai wani tsuntsu mai doguwar jela da ke saka masa ƙwai ya rena. Sai dai baiwar Allah ta fi shi cancantar kirarin.

Ba kowa abin ke burgewa ba. Maƙwabcina manomin shinkafa ne a fadama, ya leƙo ya ga ina watsa tsaki ya ce, "Malam, mu muna can muna kwana korarsu, kai kana nan kana yi musu walima?" Ban yi musu da shi ba. Na ga jan-baki sun taso kamar hayaƙi sun sauka a gona, na ga yara tun asuba suna jan igiya mai gwangwanaye har muryarsu ta dishe, kuma ba banza ba ake kawo jirgin feshi Jigawa da Yobe da Kebbi. Na dai nuna masa cewa nawa tsuntsayen ƙwayar ciyawa suka fi ci, kuma ba sa taron dubbai. Ya ce tsuntsu dai tsuntsu ne. Muka bar ta a haka, amma na lura da ya zo karɓar aron tsani ya daɗe tsaye yana kallon asisi na wanka.

Shekaranjiya ƙaramar 'yata ta shigo a guje, "Baba, Baba, shamuwa a kan tsamiyar bayan masallaci!" Na fita na ƙirga guda bakwai, baƙaƙe masu farin ciki, sun dawo daga kudancin Afirka inda suke cin rani. Kafin in dawo gida Inna ta riga ta aika a kira mai gyaran indararo.