Tankin murjani mai laushi, sati na 14: na rage wuta, na kashe sikima

'Yan uwa masu koyo irina, barkanmu da warhaka. Yau sati 14 ke nan da na zuba ruwan gishiri a ɗan tankina mai lita 60, kuma maganar wuta da tacewa zan yi muku, don nan ne na sha wuya, wuyar da ni na jawo wa kaina da hannuna.

Murjani masu rai, halittun tekun nan masu manne wa dutse, iri huɗu ne a ciki, duk masu laushi, wato marasa ƙashin dutse: zowantid 'yan ƙanana masu kamar furanni, Discosoma ja mai faɗi kamar faifai, Sarcophyton guda ɗaya mai jiki kamar fata, sai koren nan mai shimfiɗuwa kamar ciyawa da ake ce wa GSP. Kifi biyu ne kawai, ocellaris, 'yan ƙananan nan masu launin lemo da farin zane.

Da na sa su a sati na 6 ni a tunanina ai halittar tekun da rana ke duka ce, to a ƙure mata haske mana, na murɗa fitilar LED ɗin har ƙarshe, awa 12 kullum, ina ta jin daɗi tanki ya yi kyau a hoto. Ba a yi sati ba Discosoma suka tsuke suka fara koɗewa, ɗaya ma ya saki dutsen gaba ɗaya, na neme shi na rasa, sai bayan kwana biyu na gan shi can ƙarƙashin dutse a inuwa, ya yi ƙaura abinsa. Ashe a cikin naman murjanin akwai wasu ƙananan gansakuka, zooxanthellae, su ne ke amfani da haske su haɗa masa abinci, su ne kuma ke ba shi ruwan ƙasa-ƙasan jikinsa, idan hasken ya fi ƙarfinsu sai murjanin ya fara korarsu, shi ne farin da kake gani. Koɗewar nan ba ado ba ce, kuka yake yi.

Abin da ya fi yaudarata ido ne. Shuɗin haske, wajen nanomita 450, idonmu ba ya ganin ƙarfinsa sosai, sai ka ga tanki kamar da duhu-duhu alhali murjani na gasuwa. Na ari na'urar auna PAR, wato yawan hasken da halittar za ta iya amfani da shi, na tsoma ta, saman dutsena ya haura 250, su kuwa masu laushi tsakanin 50 da 150 ya ishe su, Discosoma ma can ƙasa-ƙasan wannan lissafin yake so. Tankin ba shi da zurfi, ruwan da zai tare hasken kaɗan ne, wannan ne ban lissafa ba. Yanzu fitila na kan kashi 40 cikin 100 na ƙarfinta, awa 8, da awa ɗaya na hawa a hankali da awa ɗaya na sauka, taima, agogon kunnawa da kashewa, ce ke yi ba ni ba. Na mayar da Discosoma kusa da yashi, zowantid tsakiya, Sarcophyton sama tunda shi ya fi su jure haske. In ma zan ƙara, kashi 5 a sati, ba fiye ba.

To sai tacewa, nan ma zalamar ce dai. A ɗan ɗakin bayan tankin na cusa audugar tacewa, gawayi, ƙaramar sikima mai fitar da datti ta kumfa, har da jan garin nan GFO mai tsotse fosfet, wai ni sai ruwana ya fi na kowa tsabta. Na auna sinadaran da kashin kifi da ragowar abinci ke bari a ruwa, naitiret sifili, fosfet sifili, wallahi har murna na yi. Kwana kaɗan yashi ya rufe da wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi kamar majina, da 'yan kumfa maƙale a jikinsa, da dare ya ragu, fitila na kamawa ya dawo. Na ɗauka gansakukar dayatom ce, wadda kusan kowane sabon tanki ke yi, amma shi dayatom kamar ƙura yake, sinadarin silika da ke cikin ruwa yake ci, in ta ƙare yakan tafi da kansa. Wannan daino ne, wato dinoflagellates, wasu ƙananan halittu daban, kuma ya fi samun wuri idan ruwa ya talauce har sauran ƙananan halittun da ke gasa da shi sun rasa abin ci. Zowantid ɗina duk suka rufe baki.

Na cire GFO, na kashe sikima, na ɗan ƙara wa kifi abinci, ina zuƙe yauƙin da siririn tiyo kullum da yamma lokacin da ya fi taruwa. Sati uku ana wannan fama. Jiya naitiret wajen 5, fosfet 0.05, yashi ya kusa komawa fari, zowantid sun buɗe har na ƙirga sababbin kai guda uku. Masu laushi ba sa son ruwan da aka wanke tas, ni dai na gani da idona.

Abin da na bari: auduga, ina canza ta duk kwana uku, don in ta daɗe dattin da ta kama ruɓewa yake ya koma cikin ruwa. Gawayi ma na bar shi, ba don ruwa ya yi garau kaɗai ba, Sarcophyton na sakin wasu sinadarai da ke takura wa maƙwabtansa, a lita 60 kuwa ba wurin da za su watsu. Ainihin matatar dai dutsen ne da yashi, nan bakteriya suke zaune suna mayar da amoniya, gubar da ke fita daga dattin kifi, ta koma naitirait, shi kuma ya koma naitiret, aikina kawai injin motsa ruwa ya riƙa kai musu. Sai canjin lita 6 duk sati da ruwan RO/DI, wato wanda na'ura ta tace tas, ma'aunin gishiri 1.025, zafi digiri 25. Ruwan da ya tafi a tururi kuma da mara gishiri ake cike gurbinsa, gishirin ba ya tashi, na taɓa mantawa na iske shi 1.028.

Sarcophyton ya tsorata ni satin jiya, ya janye gashinsa duka, kansa ya yi santsi yana ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma, kwana biyar a haka, saura kaɗan in sake taɓa fitila. Allah ya sa na haƙura, ashe saɓa yake yi, na ɗan karkato masa ruwa fatar ta yaye ya buɗe ya fi da girma.

Don Allah masu zowantid, safar hannu da tabarau in za ku taɓa su, wasunsu musamman Palythoa na ɗauke da dafin palitoksin, kada a goge dutsensu a bushe, kada a zuba masa tafasasshen ruwa, tururin kaɗai na kai mutum asibiti.

Damuwata yanzu GSP ne, na ɗora shi a kan babban dutse maimakon in ware masa nasa shi kaɗai a tsakiyar yashi, ga shi ya miƙo saura kamar faɗin yatsa biyu ya cim ma zowantid. Ranar canjin ruwa zan gwada ɓare gefen da reza, in ya ƙi sai dai in fito da dutsen gaba ɗaya.