Ranar da aka fara da masu addu'a a Chester

Kwana uku ke nan ina juya yaƙin Chester, wani gari a Ingila ta yau, a raina, wanda aka gwabza wajen shekara ta 616 tsakanin Æthelfrith, sarkin Northumbria daga cikin Anglo-Sakson, da Biritonawa, 'yan asalin tsibirin Biritaniya.

Yaƙin wancan zamani na kusa-kusa ne. Maza su jeru kafaɗa da kafaɗa, garkuwar katako ta hau kan garkuwa, masu su leƙo ta tsakani. Takobi sai mai hali. Har numfashin abokin gaba kana ji.

Kafin a haɗu, Æthelfrith ya hango wasu mutane tsaye a gefe, ba makami a hannunsu. Ya tambaya su wane ne. Aka ce masa 'yan zuhudu ne Kiristoci daga gidan ibadar Bangor, sun yi azumin kwana uku, sun zo roƙa wa mayaƙansu nasara. Sai ya yanke cewa wanda ke kai ƙararka wurin Ubangijinsa yaƙarka yake, ko da bai riƙe mashi ba. Ya sa aka fara da su. Brocmail, wanda aka ɗora wa tsaronsu, ya juya da mutanensa tun karon farko. Bede, marubucin tarihi ɗan Anglo-Sakson wanda ya kammala littafinsa a 731, ya ce kimanin mutum 1,200 aka kashe, 50 kacal suka tsira.

Æthelfrith dai ba Kirista ba ne, na fahimci lissafinsa ko da ya sa jikina ya yi sanyi. Bede ne ya fi tsaya mini a rai. Shi ma ɗan zuhudu ne, addininsu ɗaya da waɗanda aka yanka, amma ya kawo labarin a matsayin cikar gargaɗin halaka da Augustine na Canterbury, babban limamin da aka aiko daga Roma, ya yi, saboda malaman Biritonawa sun ƙi bin sa a kan al'amura irin su lissafin ranar Ista. Na nemi alamar tausayi a wurin, ban samu ba, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

A 2004 masu haƙar kayan tarihi sun tono wani kabarin bai-ɗaya a Heronbridge, kudu da Chester. Maza ne kwance a jere, ƙoƙon kansu da saran makami, kuma gwajin ƙasusuwan ya dace da zamanin yaƙin. Wani ne ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa su da kyau, sannan ya rufe.